Kundin Aiki: Kwaikwayon Bel ɗin Mota Mai Saƙa Iri Uku a Manhajar LS-DYNA

Litinin, 8 ga Satumba, 2025

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta abin da na yi da abin da ya gagare ni, saboda na lura cewa da zarar mako biyu sun wuce nakan manta dalilin da ya sa na canza wata lamba a cikin fayil. Tambayar da aikin ya tsaya a kanta guda ɗaya ce: idan aka bar kujera da gudun mota da wanda ke zaune yadda suke, aka sauya saƙar bel ɗin kaɗai daga mai tauri zuwa mai miƙewa, me zai sami ƙirjinsa da ƙugunsa a karon gaba da gaba? Manhajar da zan yi amfani da ita ita ce LS-DYNA, manhajar kwaikwayon karo a kwamfuta, wadda ta samo asali daga DYNA3D da John Hallquist ya rubuta a cibiyar bincike ta Lawrence Livermore a Amurka a shekarar 1976, kuma a 2019 ta koma hannun kamfanin Ansys.

Bel mai maɗauri uku bai canza siffa sosai ba tun lokacin da Nils Bohlin ya ƙera shi wa kamfanin Volvo a 1959, amma zaren da ake saƙa shi da shi ya canza. A da nailan aka fi amfani da shi, wanda yake miƙewa da yawa kuma yake shan danshi, daga baya masu ƙera motoci suka koma ga poliyesta, wanda bai kai shi miƙewa ba kuma ya fi shi jure rana. Abin da ya ja hankalina ga wannan batu shi ne yawan tsofaffin motocin da ake shigowa da su ƙasar nan, waɗanda bel ɗinsu ya shafe shekaru yana shan rana ta gilashi, har za ka ga ɓangaren kafaɗa ya koɗe alhali wanda ke naɗe a ciki yana nan da launinsa.

Laraba, 10 ga Satumba

Na sayo bel guda uku da aka ciro daga motocin da suka daina aiki a wurin masu sayar da kayan gyara, na auna su. Faɗin kowanne milimita 47 ne, kaurinsa wajen milimita 1.2, kuma mita ɗaya ta saƙar ta ba ni nauyin giram 60 ko kusa da haka a kan sikeli. Waɗannan lambobi sun dace da abin da dokoki suka nema, domin dokar Amurka mai lamba FMVSS 209 da dokar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 16 duka sun ce faɗin saƙar kada ya gaza milimita 46.

Dokar Amurka ce ta ba ni ma'aunin da zan kwatanta saƙoƙin da shi, domin tana auna miƙewar bel ne a lokacin da aka ja shi da ƙarfin nyutan 11,120. A bel mai haɗa cinya da kafaɗa, ta yarda ɓangaren ƙugu ya miƙe har kashi 30 cikin 100, na kafaɗa kuma har kashi 40, sannan ta ce kada na ƙugu ya tsinke ƙasa da nyutan 22,241, na kafaɗa kuma ƙasa da 17,793. Wannan iyaka ce mai faɗi ƙwarai, kuma saƙoƙin zamani suna can ƙasa da ita. Saboda haka na zaɓi saƙa uku na kwaikwayo: mai tauri da ke miƙewa kashi 8 cikin 100 a wancan ƙarfin, matsakaiciya mai kashi 12, da mai laushi mai kashi 18 wadda za ta tsaya a madadin tsohon nailan. Zaɓina ne, ba alkaluman wani kamfani ba, kuma haka zan rubuta a rahoto.

Litinin, 15 ga Satumba

Kafin in kawo mutum-mutumin gwaji ko kujera, na gina abu mafi sauƙi da zai yiwu: bel mai tsawon milimita 500, an kafe kai ɗaya, ana jan ɗaya kan a hankali sannan a sake shi. Malamin da ke duba aikina ne ya dage a kan haka. Da na nuna masa ɗokin in fara da cikakken karo, sai ya ce, "Ka bari tukuna, in ba ka iya sa igiya ɗaya ta miƙe daidai ba, da me za ka gaskata abin da ƙirji ya nuna maka?"

Katin *MAT_SEATBELT, wato sashen fayil da ake bayyana wa manhajar halin saƙar bel, abubuwa huɗu yake nema: nauyin saƙar a kowane ma'aunin tsawo, jadawalin ja, jadawalin saki, da mafi ƙarancin tsawon da gaɓa ɗaya, cikin ƙananan gaɓoɓin da ake rarraba bel ɗin a manhaja, za ta iya kaiwa. Jadawalan biyu ana rubuta su ne da ƙarfi a gefe guda da miƙewa a ɗaya gefen, dukansu su fara daga sifili kuma kada a sa lamba mai ragi a ciki. Gaɓar bel a tsarinta na asali ja kawai take ɗauka, idan aka tura ta sai ta yi sako-sako kamar yadda igiya take yi.

Jadawalin ja bai ba ni wahala ba. Na yi masa ɗan laushi a farko, domin a zahiri zaren da ke cikin saƙa a lanƙwashe yake, sai ya miƙe tukuna kafin ya fara ɗaukar nauyi sosai. Jadawalin saki ne na tsaya a kansa tsawon yini, domin a nan ne ake gane yawan kuzarin da bel ya haɗiye da wanda ya mayar wa jiki. Yadda manhajar take aiki shi ne, idan ja ya kai ƙololuwarsa aka fara saki, sai ta ɗauki jadawalin saki ta matsar da shi ta gefen miƙewa har ya haɗu da na ja a daidai inda aka tsaya, daga nan ta gangaro a kansa. Filin da ke tsakanin hawa da gangarowa shi ne kuzarin da ya tafi a gugar zare da zare. Idan mutum ya yi kasala ya ba jadawalan biyu lamba ɗaya, to ya ƙera bel ɗin roba irin ta danƙo, wanda zai cillo mutum baya da duk ƙarfin da ya karɓa. Na gwada hakan da gangan domin in ga bambancin, kuma zanen ya fito layi ɗaya, hawa da sauka a kan hanya guda. Da na gyara, layin hawa da na sauka suka rabu, bel ɗin kuma ya saura da ɗan ƙarin tsawon da bai koma ba, kamar yadda bel na gaske yake yi bayan hatsari.

Alhamis, 18 ga Satumba

Yau na yi kuskuren da ya ci mini yini guda, kuma ina so ya zauna a rubuce. LS-DYNA ba ta san mita ko kilogiram ba, duk lambar da ka ba ta ita za ta ɗauka, ya rage naka ka tabbata ma'aunanka sun dace da juna. Fayil ɗin mutum-mutumin da zan yi amfani da shi an rubuta shi da milimita da milisakan da kilogiram, abin da ke sa ƙarfi ya fito a kilonyutan. Giram 60 a mita ɗaya kilogiram 0.06 ne a mita, amma a milimita 0.00006 ne. Ni kuwa na rubuta 0.06 kai tsaye.

Manhajar ba ta yi ƙorafi ba, aikin ya gudana har ƙarshe, ya ma fi sauri. Abin da ya tsayar da ni shi ne ganin ƙarfin ja yana rarrafe a jikin bel ɗin kamar ana kaɗa igiyar guga. Na zauna da biro na lissafa. Saurin da ja ke bi ta cikin bel ana samunsa ne ta raba taurin saƙar da nauyinta, sannan a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da amsar. Saƙa mai tauri, wadda nyutan 11,120 ke miƙar da ita kashi 8 cikin 100, taurinta kilonyutan 139 ne, don haka saurin ya kamata ya kai wajen mita 1,500 a daƙiƙa. Da nauyin da na rubuta bisa kuskure, saurin ya faɗo zuwa mita 48 a daƙiƙa, wato ja zai ɗauki fiye da milisakan 30 kafin ya ƙetare mita ɗaya da rabi, a karon da gaba ɗayansa bai wuce milisakan 60 ba. Bel mai tsawon mita 3 kuma ya zama kilogiram 180, ya ninka mutumin da zai riƙe fiye da sau biyu. Daga yau, abu na farko da zan duba a fayil ɗin d3hsp, rahoton da manhajar ke fitarwa bayan kowane gudu na lissafi, shi ne nauyin kowane sashe.

Laraba, 24 ga Satumba

Na ɗora mutum-mutumin a kujera. Hybrid III ne na matsakaicin namiji, wanda kamfanin General Motors ya samar a 1976, mai nauyin kusan kilogiram 78. Kujerar a yanzu ƙarfe ce mara lanƙwasa, domin ba na son katifa ta shigo da nata tasirin cikin kwatancen. Birkin da zan ɗora wa keken gwajin, wanda ke ɗauke da kujerar, na aro shi ne daga dokar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 16: gudun kilomita 50 a awa, a tsaya cikin santimita 40 ko kusa da haka. Kilomita 50 a awa mita 13.9 ne a daƙiƙa, kuma tsayawa cikin wannan tazara na nufin matsakaicin birki da ya ninka jan ƙasa kusan sau 25, na tsawon milisakan 58. Kuzarin da jikin mai kilogiram 78 ke ɗauke da shi a wannan gudu ya kai jul 7,500, kuma babu jakar iska a wannan kwaikwayo, bel da kujera da ƙafafu ne kaɗai za su karɓe shi. Dokar tana da nata mutum-mutumin dabam, saboda haka iyakokinta na cewa ƙugu ya matsa tsakanin milimita 80 da 200, zan riƙe su a matsayin abin dubawa kawai.

Ɗaura bel ɗin a jikinsa na yi a LS-PrePost, manhajar da ake shirya wa LS-DYNA fayil da ita. Na bi hanyar da aka saba: inda bel ke taɓa ƙirji da cinya na yi shi da raga mai faɗi, domin ya kwanta a jiki ya rarraba matsi yadda ya kamata, inda kuma yake ratsa zoben kafaɗa da harshen makulli da kuma gangarowarsa zuwa na'urar naɗi na bar shi gaɓoɓi masu kama da zare ɗaya. Kowace gaɓa milimita 10 ce, mafi ƙarancin tsawo kuma milimita 1, wato kashi ɗaya cikin goma kamar yadda littafin manhajar ya ba da shawara, tsawon da na'urar naɗi ke fitarwa a kowane lokaci kuma na tabbata ya haura ninki uku na wannan.

Litinin, 29 ga Satumba

Gudu na farko da saƙoƙin uku ya ba ni sakamakon da ya yi kusa da juna fiye da yadda hankali zai ɗauka. Dalilin bai yi nisa ba. Na canza jadawalin gaɓoɓin zare, amma ragar da ke kan ƙirji da cinya tana ƙarƙashin wani katin dabam, *MAT_FABRIC, wato katin ƙyalle, kuma ban taɓa shi ba. Ke nan fiye da rabin bel ɗin saƙa ɗaya ce a duka ukun.

Katin ƙyalle ba ya karɓar ƙarfi kai tsaye, taurin abu yake nema a kan faɗin yankansa, don haka dole a raba da faɗi sau kauri. Milimita 47 sau 1.2 ya ba da murabba'in milimita 56.4. Saƙa mai tauri ta fito gigapaskal 2.46, matsakaiciya 1.64, mai laushi 1.10. Na koma gwajin jan bel na ranar 15, na yi shi da raga zalla, sannan da rabi raga rabi zare, har sai da zanen ukun suka hau kan juna. A hanya na gano cewa sai an kula da alkiblar zaren a cikin ragar, domin idan tsayen saƙar bai bi tsawon bel ɗin ba, musamman a inda ya karkata a kan kafaɗa, ƙyallen zai miƙe ta kusurwa kamar yadda atamfa take yi idan aka ja ta ta lungu biyu.

Alhamis, 2 ga Oktoba

An ɗauke wuta ana tsakiyar gudu na biyu, batirin kuma bai kai ba. Na kunna ajiyar fayil ɗin ci gaba domin kada a sake farawa daga sifili.

Talata, 7 ga Oktoba

Yanzu bambancin ya fito, kuma ya bi inda lissafin hannu ya nuna. Daga na'urar naɗi zuwa harshen makulli akwai saƙa wajen mita 1.6. Idan aka ɗauka miƙewa tana tafiya daidai da ƙarfi, a kilonyutan 5 saƙa mai tauri za ta ƙaru da milimita 58, mai laushi kuma da milimita 130. Wannan ratar ta santimita 7 a tsawon bel ita ce ke komawa ƙarin tafiyar ƙirji da kai zuwa gaba. A tsarin da babu abin da ke ƙayyade ƙarfi, irin na tsofaffin motoci, saƙa mai tauri ta kama jiki da wuri, ta tsayar da shi kusa, amma ƙarfin da ta ɗora wa kafaɗa ya fi na sauran, mai laushi kuma ta sassauta wa ƙirji ta bar kai ya yi nisa. A kwaikwayona babu sitiyari a gaba, to amma a mota ta gaske wannan nisan shi ne ke kai goshi ga sitiyari.

Daga nan na ƙara na'urar ƙayyade ƙarfi. A mota, sandar ƙarfe ce a cikin abin naɗin bel, wadda take murɗewa idan ja ya kai wani mataki, sai ta riƙa sakin saƙa a hankali ƙarfin kuma ya tsaya a wurin. A manhaja ana nuna ta ne da jadawalin na'urar naɗi, ƙarfi a kan tsawon da ya fito, inda layin ke hawa sannan ya kwanta. Na kwantar da shi a kilonyutan 4. Nan take ƙololuwar ƙarfin kafaɗa a saƙoƙin uku ta zama kusan ɗaya, bambancin ya koma ga lokacin da kowacce ta kai matakin da kuma nisan tafiyar jiki. A ɓangaren cinya kuwa, inda babu sandar murɗa, saƙar ce har yanzu ke yanke hukunci, kuma da mai laushi ƙugu ya matsa gaba sosai har bel ɗin ya fara neman hawa sama da ƙashin ƙugu. Wannan shi ne abin da na fi tsoro a duk aikin, domin idan ƙugu ya zame ta ƙarƙashin bel, nauyin ya bar ƙashi ya koma kan ciki, inda hanji da hanta suke.

Litinin, 13 ga Oktoba

Makon da ya wuce gaba ɗaya ya tafi a kan lamba ɗaya da na rubuta ba tare da tunani ba tun ranar 24 ga Satumba, wato ma'aunin gugar bel a zoben kafaɗa.

Abin da ya tayar da maganar shi ne na ga na'urar naɗi tana nuna kilonyutan 4 daidai, amma bel ɗin da ke kan kafaɗa yana nuna kusan 5. Da farko na zaci kuskure ne. Ba kuskure ba ne, ƙa'idar igiyar da ta zagaye turke ce, wadda duk mai ɗaure dabba ya sani a aikace: idan ka naɗa igiya a jikin itace, ƙaramin riƙo a wannan kai yana tsayar da babban ja a wancan. Katin *ELEMENT_SEATBELT_SLIPRING da wannan ƙa'ida yake aiki, inda rabon ƙarfin ɓangarorin biyu ya dogara ga ma'aunin guga da kusurwar da bel ya lanƙwasa a zoben. A tsarina kusurwar wajen digiri 120 ce. Da ma'aunin guga 0.1, ƙarfin kafaɗa yana ninka na na'urar naɗi sau 1.23, wato kilonyutan 4.9. Da 0.2 sai ya zama sau 1.52, wato kilonyutan 6.1. Ƙarin sama da kilonyutan ɗaya a kan haƙarƙari daga canjin da bai wuce 0.1 ba.

Na gudanar da saƙa matsakaiciya da ma'aunan biyu, na ajiye sakamakon kusa da na saƙa mai tauri da mai laushi. A ƙarfin kafaɗa, canjin guga ya fi canjin saƙa tasiri nesa ba kusa ba. Wannan ya girgiza tsarin aikin, domin na ɗauka cewa "kayan bel" na nufin jadawalin miƙewa kaɗai, alhali saƙar da ta canza ba a miƙewa kaɗai take canzawa ba. Bel sabo fuskarsa sumul take, tsohon da na sayo kuwa, wanda ya sha ƙura da gumi, idan ka ja shi ta zobensa da hannu kana jin yana kartawa, gefensa kuma ya yi gashi-gashi. Idan na ba saƙoƙi uku ma'aunin guga ɗaya, na kwatanta abin da babu shi a duniya. Haka abin yake a harshen makulli, inda bel ke lanƙwasa sosai, kusan digiri 150: da guga 0.15 rabon sau 1.48 ne, da 0.3 kuma sau 2.19, kuma wannan rabo ne ke tantance ko saƙa za ta zame daga cinya zuwa ƙirji ko za ta tsaya.

Akwai abu na uku da ya biyo baya. Saƙar da ta rage naɗe a cikin na'ura ita ma tana matsewa idan aka ja, ta saki ɗan tsawo ko da na'urar ta kulle. Farkon jadawalin na'urar naɗi wannan matsewa yake wakilta, kuma saƙa mai laushi dole ta saki fiye da mai tauri. Na bar jadawali ɗaya ga duka ukun, saboda haka kwatancena ya rage wa mai laushi laifi.

Na kai wa Malam zanen. Ya duba ya ce in daina kiran su saƙa uku, in kira su tsari uku, kowanne da jadawalin ja da na saki da guga da matsewar naɗi nasa. Na yarda da shi, kodayake hakan ya ninka yawan gudun da zan yi. Na fi son rahoto mai ƙaramar da'awa da zan iya karewa a kan babban zane mai launi wanda lamba ɗaya da na zata ke riƙe da shi.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Na gyara yadda nake tace sakamako, bisa ƙa'idar SAE J211, wadda ta ware wa kowane awo ajin matatar da za a tace shi da ita: ƙarfin bel da aji 60, girgizar ƙirji da aji 180, lotsawar ƙirji da aji 600, kai kuma da aji 1000. Kafin haka ina karanta ƙololuwar ƙarfin bel daga zane mai haƙora, kuma wasu haƙoran ba daga jiki suke ba, daga lokacin da gaɓa ke tsallake zobe ne. Iyakokin da nake dubawa na dokar FMVSS 208 ne: lotsawar ƙirji kada ta wuce milimita 63 ga matsakaicin namiji, ma'aunin raunin kai kuma kada ya wuce 700.

Dole in yi taka-tsantsan da lotsawar ƙirji. Hybrid III a wuri ɗaya yake auna ta, a tsakiyar ƙashin ƙirji, don haka idan bel ya ɗan hau sama zuwa wuya lambar takan ragu ba don matsin ya ragu ba, sai don ya kauce wa ma'aunin. Sabon mutum-mutumin THOR a wurare huɗu yake aunawa saboda wannan matsala. A nawa aikin, abin da zan iya yi shi ne in tabbata hanyar bel a kan ƙirji iri ɗaya ce a duk gudu, kuma na kulle ragar farko domin kada in sake ɗaura ta da hannu.

Talata, 21 ga Oktoba

Na fara gwajin da ya kawo ni wannan aiki tun asali: bel ɗaya mai hali biyu, ɓangaren da ya sha rana da wanda ya zauna a naɗe. Dokar FMVSS 209 kanta ta san saƙa tana tsufa, shi ya sa ta ce bayan gwajin haske ta riƙe aƙalla kashi 60 cikin 100 na ƙarfinta, bayan gwajin guga kuma kashi 75.

Raba bel gida biyu a fayil abu ne mai sauƙi, sashe biyu ne da kati biyu. Matsalar tana wurin zobe. Manhajar tana nuna zamewa ne ta hanyar ɗebe tsawo daga gaɓar da ke wannan gefe ta ƙara wa ta wancan, har sai ta farko ta kai mafi ƙarancin tsawo sannan ta tsallaka gaba ɗayanta. Idan gaɓoɓin biyu da suka haɗu a zoben halinsu ya bambanta, tsawon da ya ƙetare yakan ɗauki halin gaɓar da ta karɓe shi, wato saƙa sabuwa ta tsufa nan take don kawai ta ratsa zobe. Da gaɓa mai milimita 10 kuskuren ƙarami ne, amma na matsar da iyakar zuwa gaɓa biyar ƙasa da zoben domin kada gudu ya fara da ita a bakinsa, kuma hakan ya fi dacewa da bel ɗin da na sayo, inda koɗewar ta tsaya a daidai inda murfin ginshiƙin ƙofa ya rufe shi.

Jadawalin ɓangaren da ya tsufa ba zan ƙirƙira shi ba. Na yanka samfuri shida daga bel ɗin nan uku, biyu daga kowanne, ɗaya daga inda ya koɗe ɗaya daga cikin naɗi, kuma mai kula da ɗakin gwaji ya ba ni ranar Alhamis a kan injin ja. Ya gargaɗe ni cewa muƙamuƙin injin na yau da kullum zai yanke saƙar a bakinsa kafin ta kai ƙarfinta, don haka gobe zan je wurin mai walda a haɗa mini maɗauri mai gangar ƙarfe da za a naɗa bel ɗin a jikinta. Zan ja kowane samfuri zuwa kilonyutan 6 in sake shi, sannan zuwa 11.12 in sake shi, kafin in ja shi har ya tsinke, domin in sami jadawalin saki a matakai biyu. Ma'aunin guga kuma zan auna shi da zoben kowane bel na asali, in rataya kilogiram 20 a kai ɗaya in ja ɗaya kan da sikelin ƙugiya a kusurwar digiri 120.